Muryata ta dishe wata biyu, ga waƙoƙin biki suna jirana

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki sakaya sunana. Ni budurwa ce 'yar shekara 24, a Tudun Wada nake a nan Kaduna. Da safe ina koyarwa a wata firamare mai zaman kanta, yaran ajina sun fi hamsin. In an tashi sai in wuce studiyo, ni ke yi wa mawaƙa muryar mace, daga Juma'a zuwa Lahadi kuma muna zuwa bukukuwa. Da kuɗin waƙar nake riƙe Umma da ƙannena tun rasuwar Babanmu, don albashin makaranta ba ya kai mu tsakiyar wata.

Tun shigowar hunturu muryata ta fara dishewa, yau wata biyu ke nan. Da safe da dama-dama, kafin la'asar ta shaƙe. In na zo hawa sama sai ta tsinke, iska kawai ke fita. Ba na jin ciwo sosai, sai dai wani abu ya tokare mini wuya, kullum ina cikin gyaran murya. Ba abin da ban sha ba: zuma, citta, kanumfari, lemon tsami, mintin maƙogwaro kuwa leda-leda. Ruwan sanyi ma na daina.

Ogana mai studiyo, wanda ya ɗauko ni tun ban san komai ba, ya karɓi kuɗin waƙoƙin biki huɗu. Ya kai ni kemis aka yi mini wata allura, muryar ta buɗe kwana biyu muka yi aiki, sannan ta koma ta fi dā lalacewa. An sake yi sau biyu. Yanzu ya fara cewa in ba zan iya ba akwai yarinyar da ke jira. Umma ta ce baki ne ko sammu, har ta kama sunan wata abokiyar sana'ata, ta karɓo mini rubutu, ƙawarta kuma ta ce a kai ni wurin wanzami ya cire mini belu. Akwai wata dattijuwar malama a makarantarmu, ita ke koyar da mawaƙan cocinsu a Barnawa. Ta ce yadda nake fitar da murya ne ba daidai ba, in ina so za ta koya mini, amma ina tsoron abin da za a ce a gida da unguwa. Anti, ba na iya barci. Muryar nan za ta dawo kuwa? Wa zan bi a cikinsu?

Mawaƙiya daga Tudun Wada

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah Ya jiƙan Baba da rahama, Ya sa albarka a ɗawainiyar da kike yi da Umma da ƙannenki. Yarinyar da ke tsayuwa gaban yara hamsin da safe, ta wuce studiyo da rana, ta raba dare a gidan biki don a ɗora tukunya a gidansu, ba a yi mata faɗa don muryarta ta gaza. Akwai maganganu masu ɗaci a cikin abin da zan gaya miki, amma ba don kin yi laifi ba.

Dishewa irin wadda kika kwatanta, mai sauƙi da safe, mai tsananta da yamma, wadda ta fara da cinye saman murya, galibi ta gajiya ce da kumburi, kuma galibi tana warkewa ba tare da an yi aiki ba. Sai dai ba za ta warke ba matuƙar ana ci gaba da yi mata abin da ake yi mata yanzu. Kin tambayi wa za ki bi tsakanin Oga da Umma da malamar makarantarku. Kowannensu yana da gurbinsa, za mu zo kansu, amma duk cikinsu babu wanda ya ga cikin maƙogwaronki. Wanda za ki fara zuwa wurinsa shi ne likitan kunne, hanci da maƙogwaro, kuma cikin satin nan, ba sai an sallami amare ba.

A wurin likitoci, duk dishewar da ta haura sati uku ba ta tafi ba, leƙawa ake yi a gani. Ke kin yi wata biyu. Kin kuma yi sa'a a Kaduna kike. Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1999, tana nan cikin gari, kuma ko da yake kunne sunanta ya ambata, hanci da maƙogwaro ma aikinta ne. Ga Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, ga na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika in ta kama a je Zariya. In kin shiga, ki ce kina so a duba miki tantanin murya da na'ura. Haska tocila a baki a ce ki ce "aaa" iyakarsa belu da bangon maƙoshi, murya kuwa can ƙasa take fitowa, bayan wannan guringuntsin da ke motsi a gaban wuya in kin haɗiyi yawu. Za a zaunar da ke a kujera, a fesa miki ɗan magani a hanci, a zura wani siririn bututu mai fitila a kansa har ya leƙa ƙasa. Wani likitan ta baki yake bi, ya riƙe miki harshe da ƙyalle ya sa ɗan madubi ko sanda mai kyamara. Idonki zai kawo ƙwalla, za ki ji atishawa tana son zuwa, za a ce ki ja "iiii" ki numfasa ki sake ja. 'Yan mintoci an gama, ki tashi ki tafi gida da ƙafarki.

Abin da zai gani wasu 'yan tantani ne guda biyu masu laushi, kwance gefe da gefe a bakin hanyar numfashi. A mace babba tsawonsu bai kai santimita 2 ba. In kina magana suna haɗuwa su rabu kusan sau 200 a daƙiƙa ɗaya, in kika hau sama a waƙa abin ya ninka ko ya fi. Ki lissafa wannan daga asuba zuwa tsakar dare, kwana bakwai a sati. Inda suka fi bugun juna, wato tsakiyarsu, sai ya kumbura, in aka ci gaba ya taurare, kamar yadda tafin hannun manomi ke yin kanta a inda ƙotar fartanya ke gogarsa. Kantar nan ta kan fito a ɓangare biyu daura da juna, ta hana tantanin rufewa ruf, shi ya sa iska ke zurarewa in kin zo hawa. Ta fi samun mata, kuma maganinta rage nauyi ne da gyara yadda ake fitar da murya, na makonni ko 'yan watanni. Amma zai iya ganin wani abin daban: ƙullutu a gefe ɗaya, ko jijiyar jini da ta fashe, ko jan da tsamin ciki ke bari. Kowanne da maganinsa, abin da ya dace da wannan ya kan ɓata wancan, dalilin da ya sa nake dagewa a kan a gani tukuna. In kuwa kafin ranar kika ga jini a kaki, ko numfashi ko haɗiya suka yi miki wuya, ko ƙullutu ya fito a wuya, ko murya ta ɗauke ɗif kina tsakiyar baiti, to ki kulle bakinki ki tafi asibiti a ranar.

Allurar nan ita ta fi tayar mini da hankali a duk wasiƙarki. Allurar da ke buɗe murya cikin dare ɗaya, ta riƙe ki kwana biyu ta sake ki, galibi daga dangin sitiroyid take, irin su dexamethasone da wasu mata ke sha don su yi ƙiba. Aikinta ta sauke kumburi na ɗan lokaci, ba ruwanta da abin da ya kawo kumburin. Dishewar da kike ƙi ita ce ke hana ki ƙara wa ciwon ciwo. Allura ta ɗauke ta, kika shiga studiyo kika zuba dukkan ƙarfinki a kan nama mai rauni, shi ya sa kowane karo muryar ke komawa ƙasa da inda ta baro. Likitoci kan ba mawaƙi irin wannan magani, amma bayan sun duba, kuma don wata larura guda, ba duk lokacin da aiki ya taso ba. Yawaita shi yana ɗaga sukari da jini, ya kumbura fuska, ya taɓa ciki, ya raunana garkuwar jiki. Kada a yi ta huɗu. Ki koma kemis ɗin cikin lalama ki ce a rubuta miki sunan allurar da yawan abin da aka yi miki, ki kai wa likita. In an haɗa miki da ƙwayoyin da kike sha kullum, kada ki yanke su farat ɗaya da kanki, a hankali ake janye irinsu, likita zai tsara miki. Ki kuma yi hattara da asfirin, yana sauƙaƙa fashewar jini a tantanin da ya gaji, da magungunan mura masu tsayar da majina, su kuma busar da maƙogwaro suke yi. Maganin tari mai kodin kuwa, wanda gwamnati ta hana haɗawa da shigo da shi tun 2018, duk wanda ya ce miki yana tausasa murya, ki yi nesa da shi da maganarsa.

Zuma da citta da kanumfari ba su cuce ki ba, sai dai ba su isa inda kike aika su ba. Hanya biyu ce a wuya, ta abinci a baya, ta numfashi a gaba, kuma duk sa'ad da kika haɗiya wani ɗan murfi yana rufe ta numfashin. Ranar da ɗigon ruwa ya kuskure ya taɓa wurin kin san abin da ke faruwa, ƙwarewa ce da tari har da hawaye. To ta ina zuma za ta bi ta shafe tantanin? Tana yi wa maƙoshi daɗi, ki sha abinki, amma kada ki jira waraka daga gare ta. Mintin nan mai yaji yana sa ki ji sanyi ki zaci kin samu sauƙi, ki ƙara matsa wa muryar. Lemon tsami kuma in ya yi yawa tsamin ciki yake tayarwa. Ruwa shi ne mai kaiwa, shi ma ta jini yake bi, sai ya ɗauki sa'o'i, don haka kurɓa ake yi tun safe har dare, ba kwankwaɗar leda uku a ƙofar studiyo ba. Ki duba fitsarinki, in ya yi haske kin sha isasshe. Mai sanyi ko mai ɗumi duk ruwa ne, abin gudu shi ne ƙin mai sanyi ya sa ki rage sha. Abin da ke taɓa tantanin kai tsaye shi ne abin da aka shaƙa, saboda haka sirace yana da amfani: ruwan zafi zalla a roba, ba mentol ba ganye, ki lulluɓa da zani ki shaƙi tururin minti goma safe da dare, ki kula kada ki ƙona fuska.

Ɗabi'u biyu za ki yaƙa tun daga yau. Gyaran muryar da kike yi buga tantanin yake yi da juna da ƙarfi, bugun ya ƙara kumburi, kumburin ya sa ki ji abu ya tokare, ki sake gyarawa. In abin ya taso ki kurɓi ruwa ki haɗiye da kyau. Sai raɗa. Mutane na zaton in murya ta dishe raɗa hutu ce, alhali matse maƙogwaro take yi. Ki yi magana a hankali da ainihin muryarki ga wanda ke kusa da ke, na nesa ki yafuto shi ko ki tura masa saƙo.

Kowa a gidanku waƙa yake kallo, ni kuwa ajinki na fi zargi. A studiyo, in aka tattara mintocin da bakinki ke buɗe, da wuya su kai awa ɗaya. A aji kuwa tun ƙarfe takwas kina saman hayaniyar yara hamsin, "ku yi shiru", "ku maimaita", taga a buɗe, ajin kusa na rera karatu, ƙurar alli na shiga miki baki. Malaman makaranta suna sahun gaba cikin masu zuwa asibiti da matsalar murya a ko'ina a duniya. Tun 1911 wani likita Bafaranshe, Etienne Lombard, ya bayyana cewa mutum yana ɗaga murya a cikin hayaniya ba tare da ya san ya ɗaga ba. Ke nan kina isa studiyo da muryar da ta riga ta yi aikin yini. Ki nemi 'yar lasifikar nan da ake ratayawa a ƙugu, mai makirufo da ake maƙalawa a kai, irin ta masu tallan magani. Masu kayan lantarki a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi za ki fara tambaya. Yara za su yi dariya kwana biyu su saba. Don neman shiru ki yi tafi ko ki buga ƙararrawa, ki sa monita ya ja musu karatun da ake maimaitawa, wanda ya yi laifi ki taka ki same shi maimakon kira daga gaban allo. Lokacin tara ki zauna shiru, ban da hirar ofis. In likita ya ba ki takarda, ki kai wa shugaban makaranta ki roƙi hutun sati ɗaya ko biyu, ko a haɗa ki da wata ku raba darussa.

Hunturu ya zo ya ƙara gishiri, iska busasshiya ga ƙura. Ki sa takunkumi in za ki hau Keke, ki riƙa numfashi ta hanci. Turaren wuta, na san wannan zai yi miki wuya, ki turara ɗaki da kaya kina waje, sai hayaƙin ya lafa ki shiga. Haka hayaƙin gawayi da na maganin sauro da na janaretan studiyo. Sannan cin abincin biki mai maiƙo da yaji ƙarfe goma sha biyun dare a faɗa katifa yana sa tsamin ciki ya hauro har maƙogwaro, wani lokaci ba tare da kin ji ƙwarnafi ba, sai dai ki tashi da ɗacin baki da wannan tokarewar. Ki bar awa uku tsakanin cin abinci da kwanciya, ki ɗan ɗaga gefen kan gadonki. In azumi ya zo, wannan ya shafi komawa barci bayan sahur, kuma ɗaukar murya ta fi dacewa bayan tarawihi, kin sha ruwa ya ratsa ki. Tsakanina da ke kuma, mata da yawa kan ji muryarsu ta yi nauyi dab da al'ada. Ba ranakun da za a sa waƙa mai hawa ba ne.

Oga yana da uzurinsa. Ya karɓi kuɗin mutane, ranar ɗaurin aure ba ta matsawa don muryar mawaƙiya, in ya saɓa sunansa ne zai ɓaci a gari. Alherin da ya yi miki a baya ma gaskiya ne, kada ki manta da shi. Amma kai ki kemis sau uku da yi miki gori da wata yarinya ba daidai ba ne, ko da rashin sani ya yi. Ki same shi shi kaɗai, ba gaban yaran studiyo ba, takardar likita a hannunki, ki ce: "Oga, ba ƙin aiki nake ba. In na ci gaba a haka ba waƙa huɗu za mu rasa ba, muryar ce gaba ɗaya. Ga abin da zan iya, ga wanda ba zan iya ba." Sannan ki zo masa da mafita, don mai bashi a kai ba ya jin "a'a" tsurarta. In likita ya yarda ki ɗan yi aiki, a sauke miki kiɗan a fiyano hawa biyu ko uku. An saba ɗora muryar mace can ƙololuwa a waƙoƙinmu na zamani don ta fito siririya, mai fiyano ya zaɓi wurin da ya yi masa daɗi, ke ki yi ta miƙa wuya. Wannan abu ne da ake gyarawa da danna maɓalli. A ɗauki muryar layi-layi, minti ashirin a huta, a ƙara miki sautin muryarki a abin kunne don kada ki yi ta gasa da kiɗa, ki matso kusa da makirufo ya yi miki aikin ƙarfin. Yarinyar da ke jira kuma, ke ki fara kawo shawarar a ba ta amshi da ninkin murya, ke ki riƙe baitoci. Makaɗan baka ba don ado kawai suke yawo da 'yan amshi ba, lokacin amshin ne jagora ke numfasawa. Marigayiya Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, da matan amshinta ta yi ta waƙa har tsufanta. A wurin biki a saki waƙar da aka naɗa ki bi da baki, abin da mawaƙa da yawa ke yi dama. Ban da guɗa, ban da kiran sunayen masu liƙi a kan ƙarar DJ, ban da hira kusa da lasifika, wadda sau da yawa ta fi waƙar kanta cin murya.

Umma kuwa ki tausaya mata. Tana ganin abin da ke ciyar da gidanta yana zubewa, ba zazzaɓi ba rauni, dole zuciyarta ta tafi ga baki da sammu. Kada ki yi musu da ita, ba za ki ci riba ba. Ki riƙe azkar ɗinki na safe da yamma, ki nemi addu'arta, ki tuna mata da hadisin da ya ce Allah bai saukar da cuta ba face Ya saukar da maganinta. Abin da ya fi duka, ki tafi da ita asibitin. In akwai allo a ɗakin, ki roƙi likita ya nuna mata abin da ya gani, gani ya kori ji. Ki kuma lallaɓe ta ta bar kama sunan yarinyar mutane. Zato zunubi ne, kuma duniyar studiyo a Kaduna ƙarama ce, magana in ta fita daga tsakar gidanku sai ta riga ki isa wurin aiki. Maganar belu ce kaɗai ba sassauci a cikinta. Belu yana sama a bayan baki, tantanin murya yana ƙasa, ba abin da ya haɗa cire wancan da warkewar wannan. Abin da yankan kan jawo shi ne zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta da tabo a wurin da mawaƙi ke buƙatarsa lafiya lau. In ƙawar Umma ta matsa, ki sa kawunki ko wani babba da Umma ke jin maganarsa ya shigo.

Saura malama. A cikin duk waɗanda suka yi magana, ita kaɗai ta ambaci dalilin da ya yi kama da gaskiya. Masu koyar da mawaƙan coci sun daɗe da sanin ɗumama murya kafin waƙa, da raba mutane gwargwadon inda muryar kowa ta fi zama, da jan numfashi, kuma a garin nan da yawansu da Hausa suke waƙar, kamar 'yan Zumuntar Mata. Abin da za ta koya miki numfashi ne da sakin wuya, ba aƙida ba. Kullum ofis ɗaya kuke zama, kuna gaisawa, kuna yi wa juna barka da jaje. Amma tsoronki ba na banza ba ne, mun san garinmu da bakin mutane, don haka ki tsara abin yadda ba zai bar ƙofar magana ba. A makaranta za a yi bayan an tashi, a ajin da ba kowa, da waƙoƙinki ke kanki. Ki gaya wa Umma tun kafin a fara, in da hali ranar farko ta zo su gaisa. Ki riƙa yi wa malamar ɗan ihsani ko ta ce ba ta so. In gida sun ƙi ƙememe, kada ki yi a ɓoye. Ki tambayi likita ko akwai mai horar da murya da zai tura ki wurinsa, ba su da yawa a ƙasar nan amma akwai su. Ma'aunin kowane mai koyarwa, na fili ko na intanet, guda ne: bayan darasi murya ta fi sauƙin fita. Wanda ya ce ki daure zafi, ko ki yi ta ihu har murya ta "buɗe", ki gode masa ki tafi.

Ga kaɗan daga abin da za ki tarar, in likita ya ba da izini. Ki kwanta rigingine a tabarma, littafi a kan cibiya, ki ja numfashi ki ga littafin ya ɗaga kafaɗa ba ta motsa ba, ki sake shi a hankali da "ssss". Daga nan ƙarfin waƙa ke tasowa, ba daga wuya ba. Sai gunji baki a rufe, "mmmm", har ki ji leɓe da karan hanci suna tsuma. Na uku shi na fi so. Ki zuba ruwa rabin gora, ki tsoma bututun shan lemo kansa ya nutse kamar santimita 2 ko 3, ki kama shi da leɓe ba tare da iska ta fita ta gefe ba, ki busa kina cewa "uuuu". Ruwan zai yi ta ɓulɓuli, kumatunki na rawa. Ki riƙe ɓulɓulin daidai, kada ya fantsamo kada ya tsaya, sannan ki ja sautin sama a hankali ki sauko da shi. Iskar da ke tokarewa ta dawo baya tana sa tantanin su kaɗa ba tare da sun gwabza ba. Masanin murya Ba'amurke Ingo Titze na cikin waɗanda suka yaɗa atisayen bututu. Minti biyu ko uku, sau da yawa a yini, kafin aji, kafin studiyo, da bayan an gama. Don sanin inda kike kuma, kowace safiya da dare ki rera layi ɗaya mai hawa da 'yar ƙaramar murya can ƙasa-ƙasa. In ya fito tsaf, lafiya. In ya ƙi sai kin ƙara ƙarfi, akwai kumburi, gobe ki rage.

In likita ya ambaci aiki, kada gabanki ya faɗi, kada kuma ki yi gaggawar sa hannu. Ki tambaye shi ko za a fara gwada hutu da horo, don kanta ba kasafai take kai wa ga wuƙa ba. Wasu ciwukan kam sai da aikin. Mawaƙiyar Ingila Adele ta soke wasanninta a 2011 saboda zubar jini a tantanin murya, aka yi mata aiki a Boston ta Amurka, a farkon 2012 ta dawo dandamali.

Ba zan ɓoye miki ba, mai yiwuwa ne yarinyar nan ta yi waƙoƙin huɗu duka, kuma kuɗin wata ɗaya ko biyu ya ragu. Ki zauna da Umma tun yanzu ku duba abin da za a taƙaita, in kina adashi ki roƙi uwar adashi ta matso miki da ɗaukarki. Kin san tsarin waƙar biki ciki da waje, ki ce wa Oga ya ba ki rubutun baitoci da tsara sunayen dangin amarya da ango a biya ki, ƙafarki ba ta bar studiyo ba, bakinki kuma yana hutawa. Ranar asibiti ki fita da wuri saboda layin kati. Ki riƙe waƙarki ta bara a waya da wadda kika ɗauka cikin satin nan ki kunna wa likita duka biyun. Kada kunya ta sa ki ce masa ke malamar makaranta ce kawai. Ki gaya masa ke mawaƙiya ce, ki lissafa masa awannin aji da na studiyo da na biki, da allura ukun nan.

Antinku